Sabon Fanel a Ɗakin Iska

Tsawar da ta faɗo da sassafe ba ta taɓa mutum ko ɗaya ba, injin iska kawai ta kashe. Sai dai a wannan asibitin, da kashe injin da kashe mutum, tazarar ba ta da yawa.

Auta ta durƙusa gaban akwatin ƙarfen, ta zaro fanel ɗin da ke tafiyar da injin, ta kai shi hanci. Ƙauri ya buge ta. A tsakiyarsa, inda guntun da ke zaman ƙwaƙwalwa yake, wani baƙin tabo ya kumbura kamar an ɗosana garwashi. Ɗan katin da ke ɗauke da manhajar ma ya narke ya manne a raminsa.

"Injiniya, zai tashi?" in ji Baban Inji, dattijon da ke kula da ɗakin, yana tsaye a kanta riƙe da tsumma.

"Wannan kam sai dai a yi masa addu'a, Baba."

Bayansu tankuna biyu dogaye sun yi tsit. Aikinsu shi ne su zuƙi iskar gari, su tace, su tura oksijin ta bututu zuwa gadajen marasa lafiya. Ɗaya na cika, ɗaya na hutawa, haka suke karɓa-karɓa. Fanel ɗin da ke ba su umarni Auta da yayanta ne suka ƙera shi a ɗan shagonsu shekarun baya. Yayan kuwa yana sama a ɗakin maza, ciwon huhu ya kwantar da shi, kuma da iskar wannan injin yake numfashi.

Babbar Nas ta shigo ba tare da ta tsaya gaisuwa ba. Mace ce da ba ta iya kwana-kwana.

"Mun mayar da kowa kan silindar oksijin. Motar da za ta kawo ƙari tana can hayin kogi, ruwa ya shafe hanya. Abin da ke hannunmu ba zai kai faɗuwar rana ba. Kin ji ni, Injiniya?"

"Na ji, Sista. Akwai wani fanel a shago, yana hanya."

"To ya yi sauri."

Ɗan Yayi ne ya kawo shi, abokin aikinsu a shago, sharkaf da ruwa, kwamfuta goye a bayansa cikin leda. Sunan ya samo shi ne saboda bai iya ganin sabon abu ya ƙyale ba; wayar da ta shekara a hannunsa ta zama kakarsa. Ya ajiye kwalin yana haki, yana kuma murmushi irin na wanda ya zo da albishir.

"Ki kwantar da hankalinki. Tun a shago na gama komai. Sakawa kawai za mu yi."

Auta ta buɗe kwalin ta duba lambar da ke jikin guntun. Ba irin na da ba ne, ƙanensa ne da kamfanin ya fitar daga baya. Irin wannan guntun fanko yake zuwa. Kai za ka zana masa hanyoyin cikinsa a kwamfuta da manhajar ginin da kamfanin ke bayarwa, sannan ka ɗora masa kanel, wato uwar manhajar da ke tayar da komai ta riƙe ragamarsa. Tsohuwar manhajar gininsu ba ta san wannan guntun ba, don ba a haife shi ba lokacin da aka yi ta.

"Na sani," in ji Ɗan Yayi, ya riga ta. "Shi ya sa na yi da sabuwar. Zanen Yaya ya shiga lafiya lau. Ke dai saka."

Ta saka. Ta jona wayar kwamfuta don ta ga abin da fanel ɗin ke faɗa, ta danna maɓalli. Rubutu ya fara zuba a allo, fari a kan baƙi, yana gudu. Ya yi gudu, ya yi gudu, sai ya tsaya cak a tsakiyar layi. Suka jira. Ko motsi.

"Wane kanel ka ɗauko?"

"Na ƙarshe mana. Ko sati bai yi da fitowa ba."

Ta juyo ta dube shi. Da a shago ne da ta yi masa tatas, amma yau ko ƙarfin faɗa ba ta da shi.

"Ɗan Yayi, sau nawa Yaya ya gaya maka? Kowace fitowar manhajar gini da nata kanel ɗin ake sakin ta, lambarsu ɗaya. Sabuwar manhajar da ka saka ɗin ta bara ce. Kai kuma ka je ka ɗauko kanel ɗin da ya sha gabanta. Ka sayo kwaɗo, ka zo da makullin da ba a ƙera kwaɗonsa ba tukuna."

"Ai na ga sabo da sabo…"

"Nemo mai lambarta. Yanzu."

Ɗakin iska a ƙasan bene yake, kira kan shiga, amma sabis ɗin intanet ba ya shiga sai ta wata ƙaramar taga can sama. Baban Inji ya hau bokiti ya ɗaga wayar Ɗan Yayi saitin tagar, kwamfuta na jan tushen kanel ɗin, wato ɗanyen rubutunsa, ta cikinta kaɗan-kaɗan kamar ana tatsar busasshiyar akuya.

"Yaran zamani," in ji dattijon daga sama. "Da can in inji ya mutu, sifana muke ɗauka. Yau ga ni ina yi wa taga fifita da waya."

"Kar ka sauke hannu, Baba."

"In ya ɓalle ki haɗa da shi a gyaran."

Ba wanda ya yi dariya. Auta na kallon ɗan layin da ke cika a allo, tana jin kowane numfashin da ta ja kamar satar sa ta yi daga wani.

Da tushen ya gama sauka ta sa kwamfuta ta fara haɗa shi. Nan ma wata sabuwa ta ɓullo. Akwai wani sashe da Yaya ya rubuta da hannunsa, wanda ke magana da bawul-bawul ɗin da ke buɗe wa tankunan iska su rufe, kuma da yaren tsohon kanel ya rubuta shi. Sabon ya canza wa abubuwa suna, ya rushe wasu ƙofofin, ya buɗe wasu. Jan rubutu ya cika allo. Ta ja kujera ta zauna, ta shiga bi layi-layi: ta gyara nan, ta sake haɗawa, wani ya fito can. Ɗan Yayi na gefe yana karanto mata sababbin sunayen, muryarsa ta yi laushi kamar ba shi ba.

Wayarta ta yi ƙara. Matar Yaya ce.

"Auta, kina ina ne? Yayanki na ta kallon ƙofa."

"Ina ƙasa, Anti. Ya jikin nasa?"

"Ƙirjin sai sama da ƙasa yake. Ki ce min kin kusa."

"Na kusa."

"Ke da kika iya ƙarya tun kina yarinya, yau ko iyawa ba ki yi ba." Ta kashe.

Rana ta take tsaka lokacin da jan rubutun ya ƙare. Saura taswira, wato ɗan bayanin da ke gaya wa kanel inda kowane abu yake a jikin fanel: ga bawul na ɗaya, ga ma'aunin tanki na biyu, ga ƙararrawa. Sabuwar manhajar ta fitar da tata. Auta ba ta yarda da ita haka nan ba, ta buɗe tsohuwar da ke ajiye a kwamfutar shago ta jera su gefe da gefe. Adireshi sun canza, amma jerin bai canza ba: ɗaya a kan ɗaya, biyu a kan biyu. Ta kwafe komai a sabon kati, wanda shi ma ya ɗauki lokacinsa kamar da gayya, ta zura shi.

Rubutu ya zuba, ya wuce inda ya tsaya ɗazu, ya ci gaba. Koriyar fitila ta kama. Kwamfiresa, mai tura iska cikin tankunan, ta yi tari ta ɗauki ruri, ƙasa ta fara rawa ƙarƙashin ƙafafunsu, tanki na ɗaya ya fara shan iska ana jin huucinsa.

"Alhamdulillahi," in ji Baban Inji.

Bai rufe baki ba ƙararrawa ta tsala ihu, injin ya mutu. Allo ya rubuta cewa babu iska a tanki na ɗaya.

Auta ta dafa tankin. Da ɗumi, a cike. Ta sake tayarwa. Ruri, huuci, ƙararrawa, shiru. Ta sake. Haka dai.

"Ƙila lambar ba ita ba ce," in ji Ɗan Yayi. "Akwai wani da suka fitar bayan wannan da ɗan gyara. Ko mu koma baya da ɗaya."

"Mu sake saukewa? Mu sake haɗawa? Ka dubi rana."

Babbar Nas ta dawo a daidai lokacin. Wannan karon ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya.

"Mun fara haɗa mutum biyu a silinda ɗaya. Ɗakin jarirai ya fi kowa ci." Ta dubi Auta. "Yayanki ya ji muna shawara. Ya yi ta nuna tasa babbar yana nuna ƙofa, har sai da muka ɗauka muka kai wa jariran. Ƙarama muka bar masa."

"Kuka yarda?"

"Da hankalinsa ya nuna. Kuma ba ni da wata." Ta juya ta tafi.

Auta ta zauna a ƙasa, ta jingina da akwatin ƙarfen. Komai ta yi daidai. Manhaja da kanel lamba ɗaya, rubutun Yaya ya shiga, taswira ta yi daidai da tsohuwa. Ta rasa inda za ta sa hannu, kuma rashin inda za ta sa hannun ya fi jan rubutun ɗazu ciwo. Ta ji hawaye na tahowa, ta danne idanunta da tafin hannu har ta fara ganin taurari.

"Abin nan dai halinsa ne," in ji Baban Inji yana goge tankin da tsumma, don hannunsa ya samu abin yi. "Ranar da aka kafa shi ma haka ya yi ta wannan kukan. Yayanki ya zauna a kan bokitin nan da kwamfuta a cinya, yana ta ƙwanƙwasa yana tsaki, har injin ya haƙura ya tashi."

Ta sauke hannunta. "Ranar da aka kafa shi?"

"Ba kya nan. An ce kin haihu."

Ta dubi Ɗan Yayi, shi ma ya dube ta. Duk sun san halin Yaya. Mutum ne mai gyara a wurin aiki: in abu ya ƙi, nan take zai shiga cikin katin ya taɓa abin da zai taɓa, ya tashi ya kaɗe riga ya ce in ya koma shago zai mayar da gyaran cikin kwamfuta. Bai taɓa mayarwa ba ko sau ɗaya. Abin da ke kwamfutar shago, wanda ta wuni tana gwada sabon da shi, ba shi ne ya yi shekaru yana tafiyar da injin nan ba. Na gaskiyar yana cikin katin da ya narke. Sai kuma cikin kan Yaya.

Ta haye benen tana tsallake matakala.

Ɗakin maza ya yi wani irin shiru, babu ƙarar iskar bango da aka saba ji. Yaya na gadon ƙarshe an tokare shi da filo, robar numfashi ta rufe masa hanci da baki. Ƙaton mutum ne mai tumbi, mai dariyar da ake ji daga bakin titi, amma yau duk ƙarfinsa ya tattara a kan jan iska. Leɓɓansa sun yi duhu. Allurar ma'aunin ƙaramar silindar ta sunkuya tana dosar ja.

Anti ta tare ta. "Likita ya ce kar a sa shi magana."

"Ba zai yi magana ba. Anti, don Allah."

Ta matsa. Auta ta durƙusa ta kama hannunsa, sanyi ƙalau.

"Yaya, ni ce. Na tayar da sabon fanel. Kwamfiresa na tashi, tanki na ɗaya na cika, amma yana cewa babu iska, sai ya kashe kansa. Baban Inji ya ce ranar farko ma haka ya yi. Ka canza wani abu a katin?"

Idanunsa suka buɗe. Ya gyaɗa kai a hankali.

"A rubutun bawul?"

Ya girgiza kai.

"A taswira?"

Ya gyaɗa. Ya kai hannu zai janye robar, Anti ta buge hannun.

"Ka taɓa ta ka gani. Ai ba a shago kake ba."

Ya haƙura. Ya ɗaga yatsu biyu, manuni da na tsakiya, ya tsayar da su kamar tankunan nan. Sannan ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, ya harɗe su.

"Tankunan biyu," in ji Auta. "An harɗe… bawul ɗin?" Ya girgiza kai. "Ma'aunan? Wayoyin ma'aunan aka juya? Na ɗaya yana jikin tanki na biyu?"

Ya gyaɗa, ya lumshe ido kamar ya sauke kaya.

Abin ya zauna mata daram. Masu kafa injin sun juya wayoyin biyu. Fanel ya buɗe wa tanki na ɗaya iska, ya tambayi ma'auninsa, ma'aunin kuwa yana can manne da tanki na biyu da ke hutawa, sai ya amsa cewa babu komai. Yaya, maimakon ya juya wayoyin, sai ya juya su a taswira, kuskure biyu suka haɗu suka zama daidai.

"Me ya hana ka gyara wayar kawai, Yaya?"

Hannunsa ya sauka a hankali, ya dafa tumbinsa, ya ɗan bubbuga.

Wani sauti ya kuɓuce wa Anti, rabi dariya rabi kuka. "Kin gani ko? Na yi ta faɗa, ba ya ji."

Auta ba ta tsaya ba.

"A taswira ne," ta ce wa Ɗan Yayi tun daga ƙofa. "Wayoyin ma'aunai a juye suke."

"To mu juya a taswirar mu ma. Layi biyu ne kawai, sai mu sake haɗawa mu kwafe a katin…"

"Ka ga yadda katin ya ja mu ɗazu. Baba, ina wayoyin suke shiga?"

A wajen fanel duk a dunƙule suke cikin soket ɗaya da aka rufe da roba, ba a taɓa su. Ɗaya bakin kuwa yana bayan tankunan, can sama, tsakaninsu da bango. Ta leƙa. Wani siririn lungu ne mai duhu, cike da bututu da yana, wanda ko rabin Yaya ba zai shiga ba.

Ta cire takalmi, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta kama tocila da haƙori, ta shiga a karkace. Bango na gurzar bayanta, tanki na matse ƙirjinta, sai da ta fitar da numfashi kafin ta wuce bututun farko. Ta taka wani ƙarfe ta ɗaga. Ga su nan: wayoyi biyu masu launi ɗaya, kowace da kan da ake murɗawa, sun gitta juna kamar yatsun Yaya. Na farko ya kwance da sauƙi. Na biyu tsatsa ta cinye shi.

Ta cire tocilar daga baki. "Filaya."

Baban Inji ya zuro hannu iya tsawonsa, bai kai ba. Ɗan Yayi ya ɗaura filayar a sandar tsintsiya ya miƙo. Ta kama kan wayar ta murɗa, filayar ta zame, bayan hannunta ya daki bakin ƙarfe. Ta ji ɗumin jini na bin gwiwar hannunta. Ta sake kamawa, ta sa duk abin da ya rage mata. Ya yi ƙara ya saki.

Ta juya su, ta ɗaure. Ba ta jira ta fito ba.

"Tayar."

"Kina ciki fa."

"Ɗan Yayi, tayar."

Kwamfiresa ta ɗauki ruri, tankin ya yi ta rawa a ƙirjinta. Ta rufe ido tana jiran ƙararrawa. Huucin ya ci gaba. Sai ta ji wani ƙas a saman kanta, bawul ya juya, tanki na biyu ya karɓa, na ɗaya ya saki numfashi mai tsawo. Ƙararrawa ba ta ce komai ba.

Suka jawo ta waje, riga a yage, fuska duk yana. Sai dai aiki bai ƙare ba. Iskar farko ba ta da kyau, sai injin ya yi ta juyawa tana tacewa kafin a sake ta zuwa gadaje. Allurar da ke nuna kyawunta tana can ƙasa cikin ja, tana hawa kamar mai ciwon ƙafa. Baban Inji ya dafa babban famfon da ke buɗe bututun asibiti yana kallon Auta.

Waya ta yi ƙara. Anti ce, muryarta ta canza.

"Silindar ta ƙare. Suna matsa masa wata jaka da hannu. Auta, ba ya buɗe ido."

"A buɗe?" in ji Baban Inji.

Ta dubi allurar. Ba ta kai kore ba. In ta buɗe yanzu, iskar banza za ta cika bututun gaba ɗaya, har ɗakin jarirai, kuma nas-nas za su cire mutane daga silinda su jona su da ita suna zaton oksijin ce.

"A'a."

"Injiniya, yayanki…"

"Na ce a'a, Baba."

Ta tsaya da wayar manne a kunne, tana jin kukan Anti da muryar likita yana ba da umarni, tana kallon allurar. Jini na ɗiga daga yatsunta a kan siminti. Ɗan Yayi ya juya baya ya fuskanci bango. Bawul ya yi ƙas. Ya sake yin ƙas. Allurar ta taɓa bakin kore, ta yi rawa, ta shiga.

"Buɗe." Ta ce cikin wayar, "Anti, ki ce su jona shi da bango. Yanzu."

Ba ta san yadda ta hau benen ba. Tun daga baranda ta jiyo sautin, wannan siririn huucin da ke fita daga bango a kan kowane gado. Nas-nas na gudu daga gado zuwa gado suna sauya robobi. A gadon ƙarshe likita na sunkuye, Anti na riƙe da ƙarfen gadon da hannu biyu.

Ƙirjin Yaya na ɗagawa. Duhun leɓɓansa ya fara washewa.

"Ya dawo," in ji likitan, bai ɗago ba. "Ban ce ya tsallake ba, huhun na nan yadda yake. Amma yanzu muna da abin da za mu yi faɗan da shi."

Auta ta zame ta zauna a ƙasa gefen gadon. Anti ta dube ta sama da ƙasa, ta ciro hankici ta kama hannun da ke jini ta fara ɗaurewa, tana jan hanci.

"Dubi yadda kika koma. Kamar an tono ki."

Can Yaya ya buɗe ido. Ya nemi Auta har ya same ta, ya ɗaga yatsu biyu a harɗe, girarsa ta ɗaga alamar tambaya.

Ta miƙa hannunta mai lafiya ta raba yatsun, ta tsayar da kowane a wurinsa.

"Na shiga na juya su. In ka tashi, za ka zauna ka faɗa min duk inda ka taɓa irin wannan gyaran naka, inji ɗaya bayan ɗaya."

Ya rufe ido da sauri.

"Ba barci kake ba, Yaya. Ina ganin ka."